Wayar Ƙarƙashin Kujera

Ranar Laraba ce, a makon ƙarshe na watan Mayu, ruwan da ya kwana goma sha ɗaya yana zuba a kwarin Little Fork ya ɗauke. Rana ta fito da zafi tun ƙarfe takwas, ƙasa tana turiri, ko'ina warin danshi da ruɓaɓɓen ganye. Lonnie Tackett na tsaye a bakin shingen maƙabartar coci, hannuwa a aljihu, yana kallon ciyawa. Ta kai gwiwa. Ƙananan duwatsun kaburbura duk sun nutse, manyan ne kawai suke leƙo kai.

Ran Lahadi ce ranar ƙawata kaburbura. Duk mai mamaci a tudun nan zai zo, wasu daga Ohio, wasu har daga Detroit, da furanni da kulolin abinci, a yi waƙa, a ci soyayyar kaza a gindin itatuwa. Shekara talatin da bakwai kakansa Orval ne yake yanke ciyawar wurin, da jar ƙaramar taraktarsa da ya laƙaba wa suna Akuya saboda yadda take hawan tudu. Amma tun watan Janairu ɓarin jikin tsohon na dama ya shanye. Yanzu aikin ya faɗo kan Lonnie, wanda a shekarunsa ashirin da huɗu bai taɓa yin wata shida a aiki ɗaya ba.

Wata farar mota ta tsaya a bayansa. Opal Stidham ce, shugabar kwamitin maƙabarta, ta sauke gilashi.

"Kai Lonnie, kallonta kake yi, ko jira kake ta ji kunya ta kwanta da kanta?"

"Ina kwana, Mama Opal. Ai yau za a fara."

"Da wace? Da Akuya? Ashe tana nan da rai." Ta gyara tabarau. "Ka saurare ni, ɗana. Ni na riƙe kwamiti da hannu biyu saboda kakanka. Akwai kamfani a gari, mutum uku da injuna uku, awa biyu sun gama. In rana ta faɗi ran Asabar ciyawar nan tana tsaye, an ba su aikin ke nan, bana da baɗi da duk shekarun da ke tafe. Ba zan iya sake buɗe baki ba."

Lonnie ya ce ya ji. Akwai abin da bai faɗa mata ba. Gwaggonsa Marlene ta riga ta nemo wa tsohon gado a gidan tsofaffi a birni. Abin da ya hana ta ɗauke shi guda ɗaya ne: tsohon ya buga sanda a ƙasa ya ce shi mai aiki ne, maƙabarta tana hannunsa, matarsa tana binne a ciki, ba inda za shi. Marlene ta ce to, ranar da aikin ya bar hannunsu, ranar za ta zo da mota. Ita kuwa ba ta maimaita magana.

Ya koma gida ya buɗe rumfar. Akuya tana inda aka bar ta tun Oktoba, an lulluɓe ta da tsohon bargo, taya ɗaya ta sace. Ya turo ta waje, sannan ya shiga ya tallabo kakansa ya zaunar da shi a kujerar roba a inuwa, da kofin kofi a hannunsa mai lafiya.

Ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

"Man bara," in ji tsohon. Maganarsa tana fita a hankali, ta gefen baki ɗaya. "Na ce a juye shi."

"Yaushe ka ce, Kaka?"

"A raina."

"To ai shi ke nan, laifina ne da ban shiga ranka ba."

Ya juye tsohon fetur ɗin da ya zama kamar ruwan shayi, ya kwance kafireta ya jiƙa ta, ya bi 'yan ƙofofinta da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire murfin injin, sai ga gidan ɓeraye cunkus a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da iska ke bi: audugar katifa, ɓawon gyaɗa, da rabin safar hannu. Tsohon ya yi wata dariya da ta fi kama da shaƙuwa. Ya riƙa nuni da sanda, goge nan, ɗaure can, ba wannan sifanar ba, jakin banza, ta kusa da ita. Lonnie ya canza baƙin mai, ya goge fulogi, ya wasa wuƙaƙen ƙasa guda uku har suna ƙyalli. Wajen ƙarfe huɗu Akuya ta tashi, ta cika tsakar gida da shuɗin hayaƙi. Tsohon ya lumshe ido yana sauraro, bakinsa yana motsi.

Lonnie ya hau ya zaga gidan sau uku, ya yanke ciyawar bakin rijiya don gwaji. Ya miƙe daga kujera zai ɗauke tiyo da ke kan hanya, injin ya mutu. Wannan ba laifi ba ne. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashin kujerar, da zarar nauyin mutum ya ɗaga sai ya kashe injin, don kada wuƙa ta ci gaba da juyawa babu kowa a kai. Ya koma ya zauna ya murza makulli. Sitata ta yi ta juyi, injin ya ƙi kamawa. Sai da ya huce sarai, bayan kusan awa guda, sannan ya tashi kamar ba shi ba.

"Koyil," in ji tsohon. "In ya yi zafi ba ya ba da wuta. Tun bara yake min haka."

"Ka sani tun bara?"

"Ba na sauka. In na hau, na hau."

Ran Alhamis da safe Lonnie ya ɗauki akori-kurar kakansa ya tafi wurin Hollis mai gwangwan, a bayan gada. Filin Hollis kamar wata maƙabartar ce ta daban: injunan yankan ciyawa sun fi ɗari a jere, kore da ja da rawaya, ƙaya ta fito ta cikin sitiyarinsu. Hollis na zaune a kan wata mara taya yana cin burodin masara da wake a gwangwani.

"A'a, injiniya! Jikan Orval da kansa. An kore ka daga gidan man ne, ko kai ka kore su?"

"Baba Hollis, koyil nake nema. Na Akuya."

Hollis ya ajiye cokali. Suka bi layi-layi har rana ta take. Sun sami irinta guda biyu. Ɗaya an riga an cire injin, ɗaya kuma ruwa ya shekara yana zama a cikinta, koyil ɗin ya tsage kamar busasshen burodi. Hollis ya buga waya gari. Aka ce an daina yin irinsa, amma akwai wani a wata jiha mai sayar da kwance, kwana tara kafin ya iso.

"Kwana biyu gare ni," in ji Lonnie.

"To meye na damuwa? Kada ka bari ta mutu mana." Hollis ya tsinko 'yar waya, tsawon yatsa, daga wata gawar inji, ya fere bakinta biyu da haƙori. "Ka ɗaga kujera, ka zare filogin makunnin, ka haɗa ƙafa biyun da wannan. Ko rawa za ka sauka ka yi, tana nan tana jiranka. Duk kwarin nan wa bai yi ba? Fasto ma ni na yi masa."

"Kaka ba zai yarda ba."

"Kakanka ai ko a kujerar coci bel yake nema ya ɗaura. Karɓi, kyauta. In kuma ta gaji, kawo min ita, ƙarfen da ne, tana da nauyi."

Lonnie ya jefa wayar a aljihun riga.

Da yamma, suna cin abinci, tsohon ya faɗa masa yadda ake yi. Ba a shiga da inji ranar farko. Ranar farko da ƙafa ake bi, da sanda, kabari-kabari, a tsince kwalaben furannin bara, da ƙarafan da ake kafa furen roba, da rassan da iska ta kayar, a soka tsinke a kan kowane ƙaramin dutse da ciyawa ta rufe. Rana ta biyu a ɗaga wuƙa sama a yi aski na farko, rabin faɗi, a hankali. Rana ta uku a sauke a yi na biyu.

"Kwana uku ke nan, Kaka. Biyu gare ni."

"Da ka fara jiya."

"Jiya ina kwashe ɓerayenka."

Ran Juma'a ya ɗora Akuya a 'yar tirelar da ake jona wa bayan mota, ya sa tsohon a gaban mota, don ya rantse ba za a taɓa ciyawarsa ba ya gani. Ya ajiye motar a bakin ƙofar maƙabarta, a inuwa, ya sauke gilashi. Bin ƙafa kuwa, ya yi layi biyu ya gaji. Rana tana tafiya, shi yana yawo da sanda kamar mai neman ƙwan zabi. Ya hau.

Minti goma na farko sai daɗi. Sannan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta cushe bakin da take fita, injin ya fara nishi. Dole ya sauka ya zaƙulo. Injin ya mutu. Ya zauna a kan dutsen wani soja yana jiran ƙarfe ya huce, yana kallon inuwa tana matsawa. Injin ya tashi, Lonnie ya yi layi huɗu, sai ga kwalba a gabansa. Ya gwada ture ta da sanda yana zaune, ta mirgina ƙarƙashin taya. Ya sauka. Wata awar. Haka ranar ta tafi, sau shida, kuma da rana ta yi ja bai yanke ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma a shimfiɗaɗɗen ɓangaren. Gangaren da ke sauka zuwa rafi, inda tsofaffin kaburbura suke, ko taɓa shi bai yi ba.

A hanyar komawa, da suka kusa gida, tsohon ya buɗe baki.

"Marlene ta kira," ya ce. "Ta tambayi lambar takalmina. Wai can ba a shiga da na waje."

Lonnie ya riƙe sitiyari da ƙarfi. Shi ya san wurin, ya taɓa yin sati uku yana goge musu ƙasa. Ya san ɗakin da ake jera su a gaban talabijin tun safe, da bargo a cinya.

Asabar da sassafe, kafin ya tallabo tsohon, ya shiga rumfa ya ɗaga kujera. Ko minti biyu aikin bai ɗauka ba. Ya naɗe da baƙin salatif ya mayar da kujerar.

Kuma abin ya yi aiki. Ya sauka ya ɗauke kwalba, Akuya tana tsaye tana gurnani. Ya koma ya hau. Ya sauka ya ja reshe. Har wani sauƙi ya ji a ƙirjinsa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Sau na uku da ya sauka, sai ya ji hon ɗin mota daga bakin ƙofa. Tsohon ne. Idonsa ba ya gani da nisa, amma kunnensa ya san muryar injin nan fiye da ta 'ya'yansa, ya ji an sauka bai mutu ba. Ya danna, ya sake dannawa. Lonnie ya ɗaga masa hannu kamar gaisuwa, ya juya baya.

Kafin azahar ya gama saman tudun. Ya bi ta gefen kabarin kakarsa a hankali, ya sauka ya cire ciyawar jikin dutsen da hannu. Ƙanshin sabon yanka ya cika wurin. Can wajen coci ya hango motar Opal, ita da wasu mata biyu suna fito da tebura don gobe. Ya je mota ya sha ruwa, ya ɓare wa tsohon ayaba.

"Cire ta," in ji tsohon.

"Me?"

"Kada ka maishe ni yaro. Cire wayar."

"Kaka, dubi. Dubi abin da na yi kafin azahar. Saura gangare kawai. In na gama zan cire, na rantse."

"Gangaren ne." Ya kama hannun rigar Lonnie da hannun hagu, yawu yana zuba a gefen bakinsa. "Maƙalin birki ya cinye. Ba ya riƙewa a gangare. In injin a kashe yake, giya tana riƙe ta. In yana kunne..."

"Ba zan sauka a gangare ba."

"Za ka sauka. Kai ba ka iya zama ba."

Lonnie ya zare hannunsa, ya gyara masa hula, ya koma.

Gangaren ciyawarsa ta fi tsawo kuma ta fi jiƙa, don rana ba ta samunsa sai yamma. Duwatsun nan sirara ne, farare, wasu sun haura shekara ɗari da hamsin, sun karkace, rubutunsu sai an shafa da yatsa. Ya yi layi biyar lafiya, yana jingina jikinsa ta ɓangaren tudu. A layi na shida, da ya juyo hancinta ƙasa, ya ga ƙarfe mai ƙafa uku, na kafa fure, kwance a ciyawa taku biyu a gabansa. In wuƙa ta kama shi, ko ta karye ko ta harba shi. Ya duba hagu, dutse. Dama, dutse. Baya kuma taya tana sulɓi.

Ya cire giya, ya taka birki, ya maƙala. Ya ji ya kama. Wuƙaƙen bai tsayar da su ba, don bel ɗin yana wahalar kamawa in an sake shi. Daƙiƙa biyar ce, ya ce a ransa. Ya sauka.

Ya sunkuya ke nan ya ji ƙas a bayansa.

Ya yi tsalle gefe, ta wuce shi a hankali, kamar mai tunani. Da ya bar ta. Amma ya bi ta, ya kama bayan kujera da hannu ɗaya yana neman sitiyari da ɗayan, takalminsa ya zame a kan sabuwar ciyawa, ƙafarsa ta hagu ta shige ƙarƙashi. Bai ji zafi ba, bugu ya ji, kamar an maka masa katako. Ya faɗi a bayansa yana kallonta.

Ta ƙara gudu. Ta daki dutse na farko ya kwanta, ta hau kansa wuƙa tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na biyu ya rabe biyu. Ta karkata, ta bi layin dangin Stidham tana kwashe su ɗaya bayan ɗaya, farar ƙura tana tashi. Ta ɓalla shingen ƙasa, ta tsaya a bakin gaɓa kamar za ta fasa, sannan hancinta ya sunkuya. Rafin ya cika da ruwan kwana goma sha ɗaya. Ya ji faɗuwarta, ya ji injin ya haɗiyi ruwa ya yi wata ƙara ta ƙarfe, shi ke nan.

Sai a lokacin ya dubi takalminsa. Gaban babu.

Daga sama hon ya fara, bai kuma tsaya ba. Tsohon ba ya iya sauka, ba ya iya tuƙi, ba ya iya ihu. Ya kwantar da jikinsa gaba ɗaya a kan sitiyari, ya bar shi yana kuka har matan coci suka yar da tebur suka rugo. Opal ce ta fara isowa. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa ƙafa, tana cewa, "Kada ka kalla, ɗana, kalle ni, kalle ni." Tana cikin ɗaurin ta ɗaga kai ta ga layin danginta. Hannunta bai tsaya ba, ta riƙe ƙafar har motar asibiti ta zo.

Kamfanin ya zo da yammar nan, mutum uku da injuna uku. An ce kafin ƙarfe shida sun gama. Ran Lahadi mutane suka zo da furanninsu, wasu suka yi ta zagaye suna neman inda za su ajiye.

Marlene ta zo asibiti ran Litinin da jaka a kafaɗa. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ba ta zauna ba.

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Gwaggo. Ina Kaka?"

"Yana mota. Ya ce ba zai iya hawa bene ba." Ta dubi ƙarin ruwan da ke hannunsa. "Akwai lif, na faɗa masa. Ya ce ba zai iya ba."

"Ki bari in fito. Sati biyu. Zan iya kula da shi ko da sanda ne."

"Wa zai ɗaga wa, Lonnie?"

Ta ajiye masa lemo biyu da makullin gida a kan tebur, ta ce ya riƙa ba karen tsohon abinci in ya koma, ta fita. Ya jawo jikinsa zuwa taga, amma tagar bayan asibitin take kallo, inda ake ajiye shara.

Bayan kwana goma ruwa ya janye, Hollis ya je da sarƙa ya jawo Akuya. Injin ya fashe ta gefe, sandar ciki ta leƙo waje. Ya auna ta a sikeli ya aiko wa Lonnie dala arba'in a ambulan.

Abin da aka rasa: tarakta ɗaya. Yatsun ƙafa uku da rabin tafin. Shinge, taku goma sha biyu. Duwatsun kabari tara. An manne biyar da siminti, huɗu sun zama tsakuwa, kuma biyu a cikinsu babu mai rai da ya tuna sunan da ke jiki. Aikin shekara talatin da bakwai. Orval Tackett ya yi wata huɗu da kwana shida a gidan tsofaffi, a ɗaki mai lamba goma sha tara, har ya rasu bai sake tambayar ciyawa ba.